Abinci a Birnin Kano: Tarihinsa, Fasaharsa da Matsayinsa a Al'adar Kanawa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya nazarci abubuwan da aka rubuta a kan tarihin birnin Kano zai tarar da cewa mafi yawansu sun karkata ne ga sarauta da yaƙe-yaƙe da fatauci da malanta. An yi bayanin ganuwa da ƙofofinta, an yi na Gidan Rumfa da Kasuwar Kurmi, haka kuma an yi na marina da majema da maɗinka. Amma abin da mutanen da suka gina wannan ganuwa suka ci, da yadda aka sarrafa shi, da hannun da ya sarrafa shi, ba kasafai ake tsayawa a kansa ba. A ganina dalilai biyu ne suka jawo haka. Na farko, girki aiki ne da mafi yawansa mata ke yi a cikin gida, inda idon marubutan da ba ya kaiwa. Na biyu, abinci ba ya barin kufai. Gini yakan rushe a ga tushensa, riga takan tsufa a ajiye ta a gidan tarihi, shi kuwa tuwo da zarar an ci an wanke akushi, shi ke nan.

A wannan maƙala zan yi ƙoƙarin nuna cewa abincin Kanawa madogara ce ta tarihi, domin a cikinsa ana iya bin sawun mutanen da suka shigo birnin da hanyoyin da suka biyo. Zan kuma nuna cewa sarrafa shi fasaha ce da ta cancanci a jera ta da rini da ɗinki da gini, sannan in yi bayanin yadda Bakano yake bayyana kansa da matsayinsa ta hanyar abin da ya dafa da wanda ya aika wa. Na taƙaita bayanin ga cikin ganuwa, sai dai inda ya zama dole a leƙa waje.

2.0 Ƙasa da Hatsi: Tushen Zaman Birnin

Tun kafin zuwan Bagauda, wanda littafin Tarihin Kano ya sa farkon mulkinsa a shekarar 999, akwai mutane a gindin Dala da Gwauron Dutse suna farauta da noma da narkar da tama. Samuwar ƙarfe ita ta ba su fartanya da gatari, ƙasar kuma mai albarka ce. Waƙar Bagauda ta kawo labarin wata babbar yunwa da ta auka wa ƙasashen da ke kewaye, aka rasa hatsi sai a Kano, mutane suka yi ta ƙaura suna zuwa. Ko da an ɗauki labarin a matsayin tarihin baka, abin da yake nunawa a fili yake, wato Kanawa da kansu sun ɗauka cewa abinci ne ya fara tara jama'a a wannan wuri.

Sarki Gijimasu (1095–1134) shi ya fara ginin ganuwa, sarakunan da suka biyo baya kuma suka yi ta faɗaɗa ta. Abin lura a nan shi ne, ba gidaje kaɗai aka kewaye ba, har da gonaki da kududdufai da rafin Jakara, domin idan abokan gaba suka yi wa gari zobe a sami abin ci a ciki. Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya da ya zo Kano a 1824, ya lura da cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin cikin ganuwa ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Kafinsa da kusan shekara 300, Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ambaci ƙasar Kano da yalwar hatsi da shinkafa da auduga da lemo. Haka nan tsakanin birni da ƙauyukan da ke kewaye da shi akwai tsohuwar musaya, jakuna su shigo da itace da hatsi, su fita da taki zuwa gonaki. Wannan ne ya sa ake noma gonakin kewayen Kano shekara da shekaru ba tare da an bar su saura ba.

Ginshiƙin abincin shi ne gero da dawa da maiwa da wake, waɗanda dukkansu 'yan asalin Afirka ne. Daga gare su ake yin tuwo da fura da kunu da koko da dambu da ɗanwake. Miya kuwa daga itatuwa da ganyayen da ke kusa ake samunta: kuka da kuɓewa da karkashi da yakuwa da zogale, a ɗanɗana ta da daddawa. Ita daddawa kanta shaida ce ta zurfin sani, domin sai an dafa kalwa ta yi laushi, an cire ɓawonta, an rufe ta kwanaki ta ruɓa daidai gwargwado, sannan a kirɓa a shanya. Idan aka gaza kwanakin ba ta yi ba, idan aka zarce ta lalace. Ita kuwa fura da nono, a cikin ƙwarya ɗaya take haɗa geron manomi da nonon makiyayi, kuma wannan alaƙa ta daɗe ƙwarai, tun da Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Kutumbi (1623–1648) Fulani da shanunsu sun yi yawan da har aka fara karɓar jangali.

3.0 Abin da Fatauci Ya Zuba a Tukunya

Tarihin Kano ya nuna cewa a ƙarni na 15 ne hanyoyin fatauci suka buɗe sosai. A zamanin Abdullahi Burja (1438–1452) aka buɗe hanyar Gwanja, inda goro ke fitowa, a zamanin Yakubu (1452–1463) kuma gishirin da Azbinawa ke kawowa ya wadata a ƙasar Hausa. Daga gabas, wajen Barno, ake kawo kanwa, wadda in babu ita babu kunun kanwa, babu ɗanwake, wake ma ba ya saurin nuna. Da Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kafa Kasuwar Kurmi, sai waɗannan kayayyaki suka sami matattara. Kasuwar tana da shugabanninta, kamar Sarkin Pawa mai kula da mahauta, da Korama, mace mai shugabantar masu awon hatsi. Binciken Heidi Nast a kan Gidan Rumfa, wanda aka buga a 2005, ya nuna irin rawar da matan fada suka taka a sha'anin tara hatsi da rarraba shi. Ke nan tun farko mata suna da hannu a harkar abinci har a matakin mulki.

Sunayen unguwanni ma suna faɗin waɗanda suka zo: Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa da Ayagi ta Yarabawa da Madabo ta Wangarawa. Larabawan Tarabulus da Gadamas sun zauna a Dandalin Turawa da Alfindiki, domin a da su ake kira Turawa, kalmar Alfindiki kuma daga Larabci take, ma'anarta masaukin fatake. Kowace al'umma ta zo da cimarta, ta yi auratayya da mutanen gari, 'ya'yanta mata suka kai girkin gidajensu gidajen mazajensu.

Babu inda sawun Larabawa ya fi fitowa kamar a abincin alkama. Harshe da kansa ya adana wannan tarihi, domin alkama da alkaki da alkubus da gurasa da dashishi duk kalmomi ne da aka aro daga Larabci, haka nan albasa da sukari da kanumfari da kirfa da shayi da gahawa. Alkama ba ta yi da damina a ƙasarmu, sai da sanyin hunturu ake nomanta a fadamu, ana ban ruwa da jigo. Saboda wahalar nomanta ta zama mai tsada, abincinta kuma ya zama na sarakuna da attajirai da ranakun biki. A hankali matan birni suka ƙware a kansa har ya zama sana'arsu ta gado. Gurasa ita ce babban misali. Ana kwaɓa garin a bar shi ya tashi, a hura tanderu da kara har ya yi jawur, sannan a riƙa manna curin a jikinsa da hannu. Akwai wurin da ake kira Cediyar 'Yan Gurasa a cikin birni, wanda sunansa kaɗai ya isa shaida. Larabawa da miya ko nama suke cin burodinsu, amma Bakano ya yayyafa wa gurasa ruwa, ya barbaɗa mata garin ƙuli-ƙuli da yaji, ya zuba man gyaɗa da albasa, ya kira ta bandashe. Asalin na baƙi ne, ƙirar ta Kano ce, yau kuma duk ƙasar Hausa idan aka ce gurasa, Kano ake tunawa.

Wani rukunin baƙin kuma daga nahiyar Amurka ya fito bayan shekarar 1492, ya iso mana ta hannu da hannu. A cikinsu akwai masara da rogo da gyaɗa da barkono da tumatir da dankali da gwanda. Sunan masara yana nuna cewa ta hanyar Masar Hausawa suka ɗauka ta zo. Wannan yana nufin Sarki Rumfa bai taɓa cin ƙuli-ƙuli ba, bai kuma san jar miya ba. Yajin zamaninsa citta ne da kimba da masoro. Daga kudu kuma muka sami manja da agushi da alala da garin rogo, kalmar attarugu ma daga Yarabanci take.

Shi kuwa goro, ko da yake ba ya ƙosarwa, babu abin da ya kai shi shiga al'ada. Da shi ake neman aure, da shi ake gayyatar suna, da shi ake tarbar baƙo, har kyautar kuɗi ma goro ake ce mata. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun yi suna a fataucinsa daga Gwanja. Heinrich Barth, Bajamushen da ya iso Kano a watan Fabrairu na 1851, ya ƙiyasta mazaunan birnin da 30,000, ya ce lokacin hada-hadar fatake da rani sukan kai 60,000. Ciyar da baƙin da yawansu ya kai na masu gari ba ƙaramin aiki ba ne, kuma shi ne ya raya sana'ar sayar da dafaffen abinci a birnin tun da daɗewa.

4.0 Girki a Matsayin Fasaha

Idan fasaha ita ce a ɗauki abu a sarrafa shi da gwaninta har ya wuce biyan buƙata ya kai ga ƙayatarwa, to lalle girkin Kanawa fasaha ne. Yunwa ba ta buƙatar a mulmula tuwo da mara har ya yi sumul kamar ƙwai, ba ta kuma buƙatar a naɗe alkaki a yi masa ƙira. Amma uwargida ta san cewa da ganin malmala ake gane hannun da ya tuƙa, kuma tuwo mai gudaji abin kunya ne ga ita da gidan da ta fito.

Kayan gara su ne ƙololuwar wannan gwaninta. Alkaki sai an ɓarza alkama, an murje ta da mai, an bar ta ta kwana ta yi tsami, sannan a murza a naɗe, a soya, a tsoma a zuma ko narkakken sukari. Nakiya daga shinkafa ake yinta, a soya garin, a kirɓa shi da zuma da man shanu da kayan ƙamshi, kuma idan ta yi kyau takan yi watanni ba ta lalace ba, shi ya sa matafiya da mahajjatan da suke bin ƙasa suka riƙe ta guzuri. Dubulan kuwa da yatsu ake tsara shi ɗaya bayan ɗaya kamar fure. Haka taliya 'yar murji, kafin zuwan injin murzawa da tafin hannu ake jan ta siri-siri a shanya. Babu ma'auni a rubuce ga ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ido da hanci da yatsa su ne ma'aunin, yarinya kuma a gefen uwarta ko kakarta take koya, kamar yadda ɗan marini yake koyon haɗa baba a bakin karofi.

Maza ma suna da nasu fagen, wato nama. Clapperton ya bayyana abin da ya gani kusa da mahautar Kurmi a 1824: wuta a tsakiya, an kewaye ta da tsinkaye a kafe, kowane tsinke an jera masa ƙananan yanka na tsoka da kitse bi da bi. Duk wanda ya san tukubar mai tsire a yau zai gane cewa shekara 200 ba su sauya wannan tsari ba. Baturen ya kuma ambaci dabarun wasu mahauta na hura nama da manna gashin tunkiya a cinyar akuya, abin da ke nuna dalilin da ya sa kasuwa take buƙatar Sarkin Pawa. Kilishi kuwa sai gwani, domin a feɗe tsoka ta zama shimfiɗa guda kamar takarda ba tare da ta yage ba, a shanya, a tsoma a labu, a sake shanyawa, sannan a nuna mata wuta kaɗan.

Fasahar ba ta tsaya ga abin da ke cikin kwano ba, ta haɗa da kwanon kansa. Masassaƙa suna fafe akushi su ƙona shi ya yi baƙi, masu zanen ƙwarya suna yi mata ado da wuƙa ko da ƙarfe mai zafi, mata suna saƙa faifai da kaba mai launi iri-iri, maginan tukwane suna yin tukunya da tanda da madambaci da randa. Jeren ɗakin amarya a da na ƙore ne da tasoshi, daga baya a ƙarni na 20 langa da samira da fanteka suka maye gurbinsu, aka riƙa jera su tun daga ƙasa har kusa da rufi. Wannan jere shi ne gidan nunin fasahar mace, kuma shi ne taskarta, domin idan ta matsu takan ɗauki ɗaya ta sayar.

Har kiɗa da waƙa sun sami rabonsu. Lugude ya samo asali ne daga daka, inda mata biyu ko uku suke sarrafa taɓare a turmi ɗaya, suna cillawa suna tafi. Waƙoƙin niƙa a kan dutse su ne inda mace take faɗin abin da ke ranta game da miji ko kishiya ba tare da an kama ta da laifi ba. Ƙwaryar da ake dama fura ita ake kifawa a ruwa a yi kiɗan amada, wanda Hajiya Uwaliya Mai Amada ta yi suna a kansa a Kano. Kalangu kuma kiɗan mahauta ne tun asali, da shi ake sanar da gari cewa an yi yanka.

5.0 Abinci da Zaman Jama'a

Bakano yakan gane ranar da ake ciki daga abin da aka ɗora a murhu. Idan aka haihu, maijego kunun kanwa take sha, ranar suna a yanka rago a raba. Idan aka yi aure, dangin amarya su kai gara, kuma yawanta da kyanta su ne mutuncin gidansu a idon dangin ango. Idan aka yi rasuwa, gumba da waina ake rabawa sadaka. Da azumi kunun tsamiya da ƙosai ne a kowane gida. Da ƙaramar salla a yi tuwon salla a rarraba wa dangi da maƙwabta, da babbar salla a yi suya da dambun nama, a kuma ajiye jelar ragon layya sai daren cika-ciki a watan Muharram. Ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, gidaje su yi girki na musamman, yara da matasa su hau Dala. Wanda ya san waɗannan ya san kalandar birnin ko da bai duba takarda ba.

Al'adar ciyayya ita ce a ganina ta fi bayyana halin zaman birni. Na taso na tarar da magidanta a unguwarmu suna fito da kwanukansu zaure bayan sallar magariba, a jera a ci tare. Mai nama a miya da mai lami duk hannunsu a kwano ɗaya yake shiga, baƙon da dare ya yi masa kuma ba ya kwana da yunwa. Wannan tsari yana rufa asirin wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba, domin babu mai tambayar kwanon wa ya zo, na wa bai zo ba. A cikin gida ma mata suna aika wa juna ɗanɗano ta hannun yara, ba a kuma mayar da kwano wayam. Ragowar tuwo na almajiri ne, kuma gidaje da yawa suna da almajirinsu sananne. Cin abincin kansa yana da ladubba: a wanke hannu, a yi bisimilla, a ci da dama, a ci gabansa, yaro kada ya riga babba ɗaukar nama. Hausawa sun ce tuwon girma miyarsa nama, wato wanda yake son a girmama shi sai ya iya ciyarwa. Da wannan ma'auni ake auna basarake da attajiri a Kano, ƙofar gidan da ba a cin abinci a cikinta ba ta tara jama'a.

Ta fuskar tattalin arziki kuwa, tun da kulle ya bazu a birni, girkin sayarwa ya zama babbar sana'ar matan aure. Daga cikin gida mace take yin fura ko ƙosai ko ɗanwake ko waina, yara su kai talla. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal a shekarun 1970, ta nuna yadda wannan ciniki ya dogara ga yara, da yadda ribarsa take komawa ga sayen kayan ɗakin 'ya mace. Wannan shi ne ya sa batun talla da karatun 'ya'ya mata yake da sarƙaƙiya, domin hana talla ba tare da an sama wa uwa wata hanyar kai hajarta kasuwa ba, rufe mata sana'a ne.

6.0 Yunwa da Sauye-sauyen Zamani

Tarihin abinci bai cika ba sai an ambaci rashinsa. Bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe. Ba a jima ba fari ya auku a 1913, ya haifar da yunwar da ake kira Kakalaba a 1914, wadda ta hallaka jama'a masu yawa. An sake yin wata a 1927, ita ce 'Yar Buhu, sannan farin 1973 wanda da yawa daga cikinmu suka gani da idonsu. A irin waɗannan lokuta ne sanin tsofaffi game da tafasa da rama da ɗinkin da garin ɗorawa ya ceci rayuka. Saboda haka wannan sani bai kamata a raina shi a matsayin cimar talaka ba.

Gyaɗa ta kawo arziki, ta fito da attajirai irin su Alhasan Ɗantata (1877–1955), ta kuma cika gari da dalar gyaɗa har zuwa shekarun 1970, lokacin da fari da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya nomanta. A cikin gida kuwa ta sa man gyaɗa da ƙuli-ƙuli sun wadata. Kafa Sabon Gari a 1913 da zuwan Kwarori sun kawo sababbin cimaka, burodi da shayi suka sami gindin zama. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta buɗe noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, sai shinkafa da tumatir suka yawaita. Shinkafar da a da sai salla ko biki ta zama ta kullum, har garau-garau ya shiga jerin abincin da ake yi wa Kanawa laƙabi da shi. Dunƙulen Maggi ya rage wa daddawa kasuwa, injin niƙa ya kashe dutsen niƙa tare da waƙoƙinsa, taliyar Indomie ta mamaye teburan masu shayi tun daga shekarun 1990, roba da leda kuma suka kori akushi da ganye. Gonakin cikin ganuwa sun zama gidaje, an cike kududdufai da dama, ita kanta ganuwar ta zube a wurare masu yawa.

Ba na cikin masu ganin cewa duk wani sauyi asara ne. Bayanan da suka gabata sun nuna cewa alkama baƙuwa ce, gyaɗa baƙuwa ce, barkono baƙo ne, kuma karɓar baƙo a mayar da shi ɗan gida ita ce ɗabi'ar Kano, shi ya sa ake ce mata tumbin giwa. Abin da yake damuna shi ne bambancin da ke tsakanin sauyin da da na yanzu. A da ɗanyen kaya ne yake zuwa, hannun Bakanuwa ya sarrafa shi ya ba shi kama. Yanzu kuwa a sarrafe yake zuwa cikin leda, babu abin da ya rage wa hannu sai tafasa ruwa. Gidajen da a da suke yin alkakinsu da nakiyarsu yau saye suke yi, masu yin na sayarwar kuma da yawansu sun manyanta.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi tarihin abincin birnin Kano tun daga gero da dawar mazauna Dala, zuwa gishiri da kanwa da goro da alkamar da fatake suka kawo, har zuwa sauye-sauyen ƙarni na 20. Ta nuna cewa girki fasaha ce mai ƙa'idoji da gwanaye, wadda ta raya wasu fasahohin kamar sassaƙa da saƙa da kiɗa, kuma da ita Kanawa suke bayyana lokaci da matsayi da zumunci.

Wasu ƙasashe sun riga mu gane darajar wannan fanni. Hukumar UNESCO ta sa kuskus na Aljeriya da Maroko da Tunisiya da Muritaniya cikin jerin al'adun duniya da ake kiyayewa a 2020, ta sa dafa-dukan shinkafa da kifi na Senegal a 2021. A 2024 hawan sallar Kano ya shiga wannan jeri, abin da ya nuna cewa ƙofar a buɗe take. Amma kafin a kai ga nan akwai aikin gida. Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya rubuta bayanin rayuwar Hausawan zamaninsa har da cimarsu, ƙamusun Bargery na 1934 ma ya adana sunayen abinci da yawa da matasan yau ba su taɓa ji ba. Ya kamata a ɗora daga inda suka tsaya.

Shawarata ita ce a bi unguwannin birni gida-gida, a zauna da tsofaffin mata masu gurasa da alkaki da daddawa da fura, da tsofaffin mahauta, a ɗauki bayaninsu da muryarsu da hoton hannunsu yana aiki. Ɗalibai mata na sassan Hausa da Tarihi a jami'o'inmu su suka fi dacewa da wannan aiki, domin su ne za su shiga inda namiji ba ya shiga. A tattara kayan girki na da a ajiye a gidajen tarihi tare da sunayensu da bayanin amfaninsu, a kuma sa girkin gargajiya cikin darasin makarantun 'yan mata da bukukuwan nunin al'adu. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta. Ganuwa idan ta zube ana iya kwaɓa ƙasa a tayar da ita, tsohuwar da ta san kwanakin daddawa kuwa idan ta tafi ba a tambaye ta ba, ta tafi da saninta. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bar mana, amin.